Mati Ne Ke Kira

Duk shekara sai wani sabon zuwa ya tarar da ni a shagon mamak, wato na masu shayi, a unguwar Taman Melati a nan ƙasar 'yan Malay, ina shan shayina, ya ja kujera ba a ce ya zauna ba, ya ce, "Malam Mati, an ce kai ne ka daɗe a ofishin nan na kiran waya. Ka yi min hanya mana, ai magana ce kawai." Wannan "kawai" ɗin ita ke tsaya min a maƙogwaro. Ku yaran yanzu, don kuna iya wuni kuna surutu da 'yan mata, gani kuke kun iya waya. Wadda kuke kira tana jiran muryarku. Ni wanda nake kira ya dawo daga aiki, ya zauna ke nan zai kai loma, sai ga baƙuwar lamba da baƙuwar murya, kuma muryar kuɗinsa take nema.

Ga wanda bai sani ba, jami'armu tana da wani ɗan ofis a bayan ɗakin karatu, inda ake ɗaukar ɗalibai su riƙa kiran waɗanda suka gama tun tuni, a tuna musu da makarantarsu, a roƙe su su jefa wani abu a asusun tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi. Ni malamin kwaleji ne daga Katsina, gwamnati ta turo ni digiri na uku, na zo da matata Hadiza da 'yarmu Hanifa. Kuɗin da ake turo mana daga gida ba shi da ranar zuwa, shi ya sa na shiga aikin. Na yi shi tsawon karatuna, wanda ya ja har 'yar da muka zo da ita a goye ta fara gyara min yaren Malay.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai kwamfuta mai buga lamba da kanta, ba ta shawara da kai. Akwai hedifon mai soso wanda ya sha gumin kunnuwan ƙasashe da dama. Akwai takardar magana, an rubuta maka abin faɗa tun daga sallama har godiya. Gorar ruwan ɗumi da citta ni na ƙara ta, don sanyin ofishin yana sa murya ta dishe. Sai madubi, kowane teburi da nasa. Ranar farko na ɗauka wata ce ta manta da shi, na kife shi. Shugabarmu Puan Zaiton, wato Madam Zaiton, wata gajeriyar mace mai tabarau wadda ba ta ɗaga murya amma kowa na shakkarta, ta zo ta tayar da shi ta ce, "Ka kalle shi ka yi murmushi kafin a ɗaga. Ana jin murmushi a waya." Na ce a raina yau na ga ta kaina, magidanci da ni in zauna ina washe wa kaina haƙora. Amma gaskiyarta ce. In ka haɗe rai, mutumin da ke can ƙarshen gari yana ji.

Idan an gama magana kuma, maɓalli uku ne a gabanka: ya bayar, ya ƙi, a sake kira. In ka danna ɗaya cikin biyun farko, kwamfuta ta ɗauke sunan mutum, ba a ƙara damunsa sai baɗi. Na ukun ne ke dawo maka da shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kirana na farko wata mata ce a unguwar Sri Petaling, ina jin ƙarar suya a bayanta. Takarda ta ce ka yi sallama, ka ce "saya", wato "ni ne", ka faɗi sunanka, ka ce daga jami'a. A fasfo sunana Muhammadu, amma an ce mu faɗi sunan da za mu fi sakin jiki da shi, ni kuwa tun ina ƙarami Mati ake ce min, sunan kakana. Na kalli madubi, na washe baki, na ce, "Assalamu alaikum, saya Mati." Suya ta ci gaba. Can matar ta faɗi wani abu da sauri wanda sunan Allah kaɗai na tsinta a ciki, ta kashe. Na biyu namiji ne, ya yi min salati da wata irin murya sannan ya fashe da dariya. Na uku ya tambaye ni da Turanci ko daga can nake kira. Na ce e, daga can, daga jami'a. Ya ce shi ma haka ya riƙa ji lokacin da yake karatu a wurin.

Puan Zaiton tana sauraro ta nata layin. Na hango ta tana tahowa ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta ce min a yarensu mati mutuwa ce, kuma ba ma ta mutunci ba. Idan mutum ya rasu akwai kalmar da suke faɗa masa ta ladabi. Mati ta kaza ce, da batir, da fitilar da ta ɗauke. Wato da yammacin nan na kira bayin Allah uku, ina murmushi, na sanar da su na mutu.

"Ka yar da wasalin ƙarshe," in ji ta. "Mat. Mu ma haka muke gajarta Muhammad."

Na ce, "Puan, sunan kakana ne fa."

"Yana raye?"

"Ya rasu."

"To ka gani," in ji ta, ta koma kujerarta.

Daga ranar na zama Mat. Ban taɓa jin daɗinsa ba. Duk lokacin da na faɗe shi sai in ji kamar na fito da takalmi ƙafa ɗaya.

Koyon aikin a kunne yake, ba a takarda ba. Kalmar boleh kaɗai ta ci min watanni. Tana nufin "zai yiwu". In mutum ya ja ta sau ɗaya a hankali, to da gaske yake. In ya jero ta biyu da sauri, cewa yake ka sauka daga wayarsa. Insha Allahu ma kala-kala ce a bakinsu, amma wannan ba sai an koya wa Bahaushe ba, mu ma muna da irin ta ranar da ba za ta zo ba. Na taɓa kiran wani a wayar hannunsa, ya ɗaga, na tambaye shi da sunansa, ya ce ya fita. Na ce yaushe zai dawo. Ya ce bai faɗa masa ba. Na ce to a gaishe shi, ya ce zai ji. Wata kuma ta tsare ni tana ba ni labarin malamin da ya rage mata maki tun ban yi kaciya ba. Na yi ta cewa kai, bai kyauta ba. Da ta gaji don kanta ta bayar. Yawancin mutane ba rowa ce ke damunsu ba, wata tsohuwar magana ce da ba wanda ya taɓa tsayawa ya ji.

Amma duk ba su kai 'yan gida ba. Wani da ya gama ya koma Kaduna, da ya ji Hausa a bakina sai murna. Ya gida, ya iyali, ya karatu, ya ruwan sama, ina wane, wance ta haihu. Da ƙyar na sami ramin da zan tura maganar asusu. Ya ce, "Kai, Allah ne ya kawo ka. Dama takardar shaidata ce ta maƙale a ofishinku." Ƙarshen kiran ni na yi alkawari biyu, har da na aika wa mahaifiyarsa man zafi.

Tambayar da ta fi ci min rai ita ce ta wanda zai ji lafazina ya ce, "Kai ɗan wace ƙasa ne?" Ɗan Najeriya a waya yana neman kuɗi. Wasu 'yan iska sun ɓata mana hanya tun kafin mu zo. Abin da na koya shi ne kada ka ɓoye, kada kuma ka yi fushi. Sai in faɗa masa ƙasata, in ce kada ya ba ni ko sisi, ya shiga shafin jami'a da hannunsa. Sannan in tambaye shi ko a zamaninsu ma kajin kantin bayan masallaci sun fi taya tauri. In ya yi dariya, to ya yarda na zauna inda ya zauna.

Sai shekarar korona. Aka kulle gari, aka rufe ofis, aka miƙa wa kowa hedifon ɗinsa aka ce ya yi aiki daga gida. Gidanmu ɗaki biyu ne a wani dogon bene a Taman Melati. Teburin guga na mayar ofis, na ari madubin kwalliyar Hadiza, ta ba ni da sharaɗin in dawo da shi yadda yake. Maigida kaɗai aka yarda ya fita cefane, don haka a shekarar ne na san cewa ganye kala-kala ne, kuma duk wanda na sayo ba shi ba ne. Kuɗin gida ya tsaya cak. Ɗan abin da ofishin nan ke ba ni shi ne shinkafarmu, shi ne madarar Hanifa.

Kiran kuwa ya zama wani abu dabam. Waɗanda suka saba bayarwa an sallame su daga aiki. Wani ya saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya tambaya ko tsohon ɗalibi ma zai iya neman tallafin. Ana cikin haka Puan Zaiton ta tara mu ta bidiyo, kowa da rigar kirki a sama da zani a ƙasa, ta ce jami'a ba ta da halin riƙe mu duka. Ƙarshen zango za a ajiye rabi, kuma abin da kowa ya kawo za a duba. Na fara lissafi. Ni ne na fi kowa shekaru, ni kaɗai ke da iyali, kuma ni ne mai lafazin da ake tambayar ƙasarsa.

Wata Juma'a da rana, daidai lokacin da a da muna masallaci, kwamfuta ta buga wa wani dattijo a unguwar Kampung Baru. Duk ofis an san shi, Tuan Haji muke ce masa, wato Alhaji. Tsohon injiniya ne, cikin ɗaliban farko-farko, an ce yana da hali, amma ba wanda ya taɓa kai ƙarshen sallama da shi bai kashe ba. Ni kuma na sauka ke nan daga waya da mahaifiyata, wadda ta yi ta Mati kaza, Mati ka sa takunkumi. Tukunya na huci a kicin, Hanifa na rera karatu a falo. Da aka ɗaga, bakina ya riga ni: "Assalamu alaikum, saya Mati."

A shekarar da kowa ke tsoron wayar asibiti. Na dafe kai.

Can ya ce, a hankali, "Ashe yanzu har waya kike yi kafin ki zo? An ci gaba. Abokaina ba wanda kika kira."

Na fara inda-inda, ina cewa sunana ne, ni baƙo ne, a yi haƙuri. Ya yi dariya har ta zame masa tari. Ya ce iyayena sun san abin da suka yi kuwa? Na ce a wurinmu Muhammadu ne. Ya ce, "Madalla, suna mai albarka. Amma ni ka bar min wancan. Ka ci abinci?"

Haka suke gaisuwa, ko ba ka ci ba ka ce ka ci. Na ce na ci. Ya ce shi 'yarsa ce ke kawo masa, ta rataye a ƙyaure ta ɗaga masa hannu daga mota. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Yana zaune a barandarsa yana kallon masallacin da bai taɓa rasa Juma'a a cikinsa ba, an sa masa kwaɗo. Na bar shi ya yi magana, sannan na kawo zancen asusu yadda aka koya min.

"In na bayar, me zai faru?"

"Sai mu gode, Tuan Haji. Ba za mu sake damun ka ba sai baɗi."

"In na ƙi fa?"

"Haka ɗin ne."

"In na ce ina tunani?"

"Sai in sake kira."

"To ina tunani," in ji shi. "Juma'a, irin wannan lokacin."

Na danna na uku, ina murna na kama babban kifi. Juma'a ta zagayo na kira. Yana ɗagawa ya ce, "Ban shirya ba tukuna, ki dawo wani makon." Wannan ta zama sallamarsa. Daga nan sai ya ɗauko labari. Magudanan ruwan da ya gina a garin nan, waɗanda yake rantsuwa da an bi shawararsa da mota ba ta taɓa iyo a titi ba. Yadda ake gane shinkafar kwakwa ta kirki tun daga ganyen da aka naɗe ta. Ya sa na koya masa gaisuwar Hausa, ya ce mutanen da ke tambayar gajiyar mutum ba za su zama mugaye ba. Har takwara na koya masa, da ya tambayi me muke ce wa masu suna ɗaya. In na kawo maganar asusu sai ya ce, "Injiniya ba ya gaggawa. Ina tunani."

Puan Zaiton tana sauraron duk abin da aka naɗa. Ta kira ni ta ce, "Mat, wannan ba kira ba ne, ziyara ce. Kuma ina jin wasalin nan ya dawo." Ta ce ba za ta hana ni ba, amma lokacin da nake ba shi ya ishi mutane da yawa, kuma sunana yana ƙasa-ƙasa. Ta faɗa ba faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Na shiga kicin ina mita, ina cewa tsoho da kuɗinsa ya mayar da ni rediyo. Hadiza tana tsince ganyen da na sayo ba daidai ba, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Abban Hanifa, kai da digirinka. Ba kuɗinsa yake riƙewa ba, kai yake riƙewa. Kai da bakinka ka gaya masa in ya bayar ka tafi."

Na san gaskiya ta faɗa, kuma raina ya ƙara ɓaci. Ina son tsohon nan, ina ɗokin Juma'a kamar yadda yake yi. Amma buhun shinkafa ya fara kwanciya. Da na ce masa aikina na rawa, na san a take zai bayar. Sai dai dokar farko ta sana'ar nan ita ce ba ka roƙa wa kanka. Ranar da ka yi haka ka zama abin da masu tambayar ƙasarka suke zato. Na yanke cewa Juma'a mai zuwa zan tsare shi da ladabi, ko e ko a'a, in kuma ya ga dama in riƙa kiransa da wayata.

Na kira, ta yi ta ringi ba a ɗaga ba. Na ce ko ya ji ƙanshin abin da na shirya. Juma'ar gaba ma haka. Ta bayanta, ana saura kwanaki zango ya ƙare, aka ɗaga. Na yi sallama ina jiran a ce min ba a shirya ba. Muryar mace na ji.

"Kai ne Mati?"

'Yarsa ce. Ta ce ciwon ya kama shi, an kai shi asibiti, ba a barin kowa ya shiga. Ya riga ya ajiye lambar ofishinmu a wayarsa da sunana, ba ƙari ba ragi. Juma'ar farko yana kwance da abin numfashi a fuska, wayar ta yi haske a gefen gado, nas ta leƙa ta ga an rubuta mutuwa na kira. Baiwar Allah ta saki abin da ke hannunta ta yi waje tana salati. Shi kuwa yana ta dariya a cikin abin numfashin har injin ya fara ƙara. Tana ba ni labarin tana dariya, ni ma ina yi, har na ji dariyar tata ta sauya. Ta faɗi kalmar tasu ta ladabi. Ya rasu ranar Talata.

Na yi mata ta'aziyya da Hausa, don duk sauran yarukan sun gudu daga kaina.

Ta ce, "Ya bar maka saƙo ta bakin nas, ta rubuta min don akwai kalmar da ba mu gane ba. Ya ce in ka kira a ce maka takwararka ta riga ka, kuma ita ba ta yi waya ba. Ya ce kuma a gaya maka ya gama tunani."

Ba zan faɗi abin da ya bar wa asusun ba. Shi ya riƙe min kujerata, ya kuma ciyar da ɗaliban da suka maƙale a ɗakunan kwana har aka buɗe gari. Amma wannan duk daga baya ne. A lokacin, abin da ke gabana maɓalli uku ne. Na danna "ya bayar". Kwamfuta ta rubuta abin da take rubutawa kullum, a sake kira baɗi, ta ɗauke sunansa, ta fara buga wa na gaba.

To ku masu cewa magana ce kawai, a nan aikin yake. Ringi na shiga, ba wanda ya san abin da ya faru a kunnenka, kuma mutumin da zai ɗaga ba ruwansa. Na kurɓi citta, na kalli madubin Hadiza na nemo murmushin da ƙyar. Aka ɗaga. Na ce, "Assalamu alaikum, saya Mat." Ranar ce kaɗai na yar da wasalin nan ba don Puan ta sa ni ba.